Na Auna 'Yata Tana da Rai

Ni kafinta ne, ko in ce na yi kafinta, don yanzu hannuwan sai rawa, ko ƙusa ba sa iya riƙewa. A ƙauyen Kona aka haife ni. Na shigo Jalingo ina saurayi, na koyi aikin katako a yadin En'e, wato ma'aikatarsu, a hannun wani mutumin kudu mai zafin rai, wanda ya koya mini rabin sana'ar da baki, rabi da ranƙwashi. Shi ne kuma ya fara jan hannuna zuwa sujada, har aka yi mini baftisma.

A zamanin, Turawa na nan, masu bi kuwa ba mu taka kara mun karya ba. Majami'armu rumfar ciyawa ce a bayan gari, da benci huɗu da na haɗa da hannuna. Akwai akawu biyu 'yan kudu, da kukun wani Bature, da tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙi, sai mu 'yan ƙasa da matanmu. Mai yi mana karatu wani malamin bishara ne, ɗan siriri, mai bin layi da yatsa. Malam kawai muke ce masa.

Matata 'yar Mumuye ce, daga kan dutse aka auro ta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Da Hausa muka yi zance, da Hausa muke faɗa, da ita muke shiryawa. Muna zaune a wasu ɗakuna biyu a gefen unguwar Barade. Bayan ɓari biyu Allah ya ba mu 'ya ɗaya tilo. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunan ba, Dada nake ce mata. Yarinya ce mai surutun tsiya. In ina aiki a gindin bishiyar ƙofar gida sai ta tsince sassaƙen katako masu lanƙwasa ta rataya a kunne, ta ce ita amarya ce. Shekararta shida a lokacin da nake ba da labari.

Sai na yi bayanin akwati kafin in ci gaba, don wanda bai zauna da mu ba zai ɗauka hauka ne. 'Yan kudu ne suka zo mana da binne gawa a akwati. Mu da muka shigo bangaskiya daga baya muka ɗauki abin muka ɗora a ka. Musulmi suna da likkafaninsu, mutanen gargajiya suna da nasu hanyoyin, mu kuma namu akwati. Ba wanda ya taɓa karanta mana haka a Littafi, amma a tsakaninmu mun gama yarda cewa wanda aka binne ba akwati, ranar tashin matattu sai ya sha tambaya kafin a gane na Almasihu ne. Yau in na tuna sai in girgiza kai. A lokacin kuwa ko tsoffin sojojin nan da suka ƙetare teku sun yarda da haka, ni ma na yarda har cikin raina, ga shi ni kaɗai ne mai haɗa akwatin.

Ba a ce wa kafinta ya zo ya auna mutum. A gidan da na tashi, ko tsallake yaron da ke kwance ba a yi, balle a gwada tsawonsa, a gidan su matata ma haka. Abin da ake yi, wani dattijo zai ja ni gefe ya ce, wane fa jikin ya yi tsanani, ya kamata ka je ka gaishe shi. Sai in je in durƙusa, in ce sannu, ya jiki, idona kuma ya bi shi daga ka har ƙafa sau ɗaya. Shi ke nan na gama. Ban taɓa kuskure ba. Da mutane suka gane, sai gaisuwata ta zama abin tsoro. Kukun Baturen nan yana fama da zazzaɓi na leƙa shi, wallahi gaisuwa ce tsakani da Allah, amma yana ganina ya zabura ya zauna, ya ce, "Kafinta, na warke, je ka abinka!" An daɗe ana mini tsiya da wannan.

Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, tsiya ta ƙare. Da zafin bazara ya zo. Yaro zai tashi da ciwon kai da safe, kafin la'asar wuya ya sanƙare, ya koma baya. Hukuma ta sa aka kafa bukkoki a bayan gari, duk wanda ya kamu can ake kai shi, a ba shi wata farar ƙwaya, a bar mutum ɗaya ya yi jinyarsa. 'Yan duba-gari suka kafa doka a kan gawa. In mutum ya cika, danginsa suka zo da shirinsu nan take, a ba su. In babu shiri, ba a jiran kowa, a naɗe shi a tabarmar da ya kwanta a kai, a kai shi babban ramin da ke bayan bukkokin, a zuba farar ƙasa. Ban ga laifinsu ba, cutar tana kama mutane kamar wutar daji. Amma na ga ramin da idona, kuma da ma ban gani ba.

Cikin mako uku na haɗa akwatuna fiye da na shekara biyu. Katako ya ƙare a gari, motar da ke kawo shi daga bakin kogi ta daina zuwa. Na ɓalle ƙofar ɗakin girkinmu, na ɓalle benci ɗaya na majami'a. Abin da ya rage mini a duniya akwatunan kananzir biyu ne, da na ɓoye a ƙarƙashin gado tun bara, da nufin in haɗa wa Dada ɗan gadonta, don ta fara yi wa uwarta shuri a barci.

Ran wata Talata Dada ta ce kanta na ciwo. Kafin yamma muna bukka. Uwarta ce ta zauna jinya, ni kuma ina kai musu abinci da ruwa sau biyu a rana. Kwana biyu yarinyar tana shan ƙwayar, ba sauƙi. A rana ta uku da azahar na isa, na tarar wuyan ya koma baya sosai. Na ga irin wannan kwanciyar fiye da sau goma a makonnin nan, na san inda take zuwa. Matata ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta rafi ta jiƙo zane, in zauna da yarinyar.

Na zauna. Daga bakin bukkar ina hango mutum biyu ɗauke da tabarma sun nufi ramin, ƙafar wani yaro tana leƙowa. Sai zuciyata ta ce, ba za a yi wa Dada haka ba. Katakon kananzir gajeru ne, sai an yi musu haɗi, in na yanka ba daidai ba babu wani. Na ɗaga ido in yi abin da na saba, ido ya ƙi. Idon da ya auna manyan maza da kallo ɗaya, na dube ta na sake dubawa, ba na ganin tsawo, Dada kawai nake gani. Sai na sa hannu a kan tabarma kusa da diddigenta, na buɗe babban yatsa da na tsakiya, dani ke nan, na fara tafiya da hannun a gefenta ina ƙirgawa a zuci.

Na kai wajen kafaɗarta ta buɗe ido. Ta ce, "Baba, me kake yi?"

Na ce, "Ina duba ko kin ƙara tsawo ne, Dada."

Ta ce, "Na ƙara?"

Na ce, "Kin ƙara."

Ta lumshe ido. Na ƙarasa awon har ƙarshen gashinta. Ina ɗago kai na ga matata tsaye a bakin bukka, zane yana ɗigar ruwa a hannunta. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta wuce ni ta durƙusa ta shimfiɗa zanen a goshin yarinyar. Ni kuma, maimakon in buɗe baki, sai na tashi na tafi gida na jawo akwatunan kananzir. Har rana ta faɗi ina yanka a gindin bishiya, maƙwabta suna jin zarto, ba wanda ya leƙo.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Dada ta cika. Kafin 'yan duba-gari su iso da igiyarsu na riga na iso da akwati a ka. Ya yi mata daidai, ba ragi ba ƙari. Aka binne ta a filinmu kusa da rumfar sujada, Malam ya yi addu'a. Dattawa har suna yaba mini, wai na yi namijin ƙoƙari, yarinya ta tafi da mutuncinta. A hanyar dawowa matata ta tsaya ta dube ni. Hausarta irin ta 'yan dutse ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Yarinya yana numfashi ka auna shi. Uban na bukkan kusa yana addu'a, kai kana yanka katako." Yaron bukkar kusa ya tashi, ko da yake kunnensa ya mutu. Daga wannan magana ba ta sake ce mini uffan ba.

Mutum zai ce mako ɗaya ne ko wata ɗaya. Shekara guda cur muka yi. Tana girki, ta ajiye mini a bakin ƙofa a rufe. Tana wanke mini kaya. In kuɗin cefane take so ta ajiye kwando a inda zan gani. Tana magana da kajinta, tana gaisawa da matan unguwa, in na shigo sai ta yi shiru ta kama wani aiki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yayanta ya sauko daga dutse bayan sadakar makoki, suka yi magana da yarensu, sannan ya juyo ya faɗa mini da Hausa: ta ce za ta zauna kusa da kabarin ɗiyarta har shekara ta zagayo, daga nan zai zo ya tafi da ita gida. Ban yi musu ba. Wane baki gare ni?

Abin da ke cina ba shirunta ba ne kaɗai. Na yarda da maganarta. Na yarda cewa ni na sallama yarinyar tun Allah bai sallama ta ba, na kira mata mutuwa da yatsuna, kuma maganar ƙarshe da ta ji daga bakin ubanta ƙarya ce. In na ɗauki zarto sai in ji muryarta tana tambaya ko ta ƙara. Na rantse ba zan sake haɗa akwatin gawa ba, na koma ƙofofi da tagogi. Ban taka inda kabarin yake ba ko sau ɗaya, in zan shiga rumfar sujada sai in zagaya ta bayan wata bishiyar kuka. Addu'a kuwa na daina. Ina zuwa ran Lahadi don kada a dame ni da tambaya, in zauna, in ana waƙa in motsa baki. A zuciyata fushi nake da Allah, fushi mai tsanani. Ina cewa, in ka san za ka ɗauke ta, me ya sa ka bar ni na sa hannu a ciki?

Masu ba da haƙuri sun ba ni har na ƙoshi. Kowa ya gan ni a hanya sai Allah hokku munyal, yadda ake faɗa a garin da Fulatanci, wato Allah ya ba da haƙuri. Dattawan ikkilisiya suka zo sau biyu suka zauna a tabarma suna ce mini nufin Allah ne. Na ce musu na ji, su gaida gida. Wanda ya ɗan taɓa ni wani tsohon tela ne a unguwar Majidaɗi, Bakano, da nake gyara wa teburin keken ɗinki. Ya ji labarin, garin ba ya ɓoye komai. Ya kira ni cikin shago ya buɗe wata adaka, ya nuna mini farin yadi a naɗe. Ya ce, "Kafinta, ka ga wannan? Likkafanina ne. Shekara goma sha yana nan, ni na yanka da almakashina, ga ni ina cin tuwo. Shiri ba ya kashe mutum." Na ce, "Baba, naka ka yanka. Ka taɓa yanka na ɗanka yana kallonka?" Ya rufe adakar. Na ji kunyar abin da na yi wa dattijo, amma ban janye ba.

Da damina Malam ya ƙarasa ni, ba da saninsa ba. Akwai wata mata a cikinmu da aka kai 'ya'yanta biyu ramin nan, ta rame ta lalace don tunanin ba su da akwati. Malam ya tashi ran Lahadi ya ce zai gyara wani kuskure da ya daɗe yana ji. Ya ce akwati ba komai ba ne, al'adar mutane ce kawai, babu inda aka rubuta. Ubangiji ya san nasa ko a tabarma, ko a cikin kogi, ko a cikin kura. Matar ta fashe da kukan farin ciki. Ni kuwa ji na yi kamar an zare mini benci. Ashe a banza ne. A banza na tsorata, a banza na yi wa 'yata ƙarya, a banza na rushe gidana. Na waiga ɓangaren mata, matata tana kallon ƙasa. Ran nan na fita tun ba a tashi ba, na yi wata biyu ban koma ba.

Haka aka yi girbi, aka yi Kirsimeti ba mu yanka ko kaza ba, zafi ya sake dawowa. Saƙo ya zo daga dutse cewa yayanta zai sauko ran Litinin ɗin bayan Ista, kafin ruwan farko ya cika rafuka. Matata ta fara wanke tukwanenta tana kifewa a rana.

A makon Ista ana taruwa kowace la'asar. Ran Laraba na je, ba don komai ba sai don gidan ya yi mini ƙunci. Malam yana karanta labarin kwanakin ƙarshe na Almasihu, yana bi da yatsa, yana tuntuɓe a kan kalmomi yadda ya saba. Ban sa kunne ba da farko. Sai na ji ya zo kan wata mata da ta shigo inda Ubangiji yake zaune ana cin abinci, da tulun turare mai tsada, ta fasa ta zuba masa. Mutanen wurin suka hau ta da faɗa. Shi kuwa ya hana su, ya nuna musu cewa matar shirin jana'izarsa ta yi tun kafin lokaci, kuma ya karɓa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A majami'armu ba a katse karatu, amma na katse. Na ce, "Malam, tsaya. Lokacin da ta yi masa haka, yana da rai?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman Littafin. Ya ce, "Yana da rai mana. Abinci ma yake ci."

Na ce, "Yana kallonta?"

Ya ce, "Yana kallonta."

Na ce, "Bai ce ita ta jawo masa mutuwa ba?"

Malam ya ɗauke yatsansa daga kan layin. Ina jin a nan ya gane abin da nake tambaya. Ya ce, "Bai ce ba, Kafinta. Kāre ta ya yi. Abin da ke hannunta ta kawo, shi kuma ya duba zuciyar da ta kawo shi."

Na zauna. Aka ci gaba da karatu, ban ji sauran ba. Ba ina cewa ni da matar nan ɗaya muke ba. Ita turare ta kawo, ni tsoro da jahilci da katakon kananzir. Amma tunda aka binne Dada ban taɓa tunanin akwai wanda zai dubi abin da hannuna ya yi a bukkar nan ya ga wani abu ban da mugunta ba. Ga shi Ubangiji da kansa an shirya shi yana da rai, ya san nauyin abin, bai kori mai shirin ba. Kuma ba turaren ne ya kai shi gicciye ba.

Da aka tashi ban zagaya ta bayan kuka ba. Na tafi kai tsaye wurin kabarin. Na tarar an share shi tas, an jera duwatsu a gefe, aikin uwarta ne na shekara guda. Na durƙusa. Ban iya addu'ar Malam mai tsari ba, na yi irin tawa. Na ce, Ubangiji, na yi fushi da kai, ka sani. Na yi wa yarinyar nan ƙarya. Na ji tsoron rami fiye da yadda na dogara gare ka. Amma ka ga ba don ƙi na yi ba. Ranta ba a yatsuna yake ba, a hannunka yake, ga shi na bar maka. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ran jana'iza, har majina. Da na tashi ba farin ciki na ji ba, kada in yi ƙarya. Dada tana nan a ƙasa, matata tana nan da shirin tafiya. Abin da na ji shi ne kamar na sauke gungumen da na daɗe ina ɗauke da shi, wuya yana ciwo amma numfashi yana shiga. Wannan ne masu bi suke kira salama, sai ran nan na san ba kalmar waƙa ba ce kawai.

A kwanakin da suka rage na so in yi wa matata magana, na fasa. Na ga in na buɗe baki zai zama roƙo ne ko kāre kai, ita kuwa ba ta da laifi a abin da idonta ya gani. Na ce wa Ubangiji in ta tafi, ka kai ta lafiya, in ta zauna, ka koya mini zama da ita. Ko tana wurin ran da na katse karatu? Tana wurin, a bencin baya. Fuskarta ba ta nuna mini komai ba.

Ran Litinin da safe yayanta ya iso da sandarsa, ya zauna a gindin bishiya, ya ƙi shiga ciki. Na kai masa ruwa. Na koma ɗaki na tarar tana fama da ɗaurin kaya, tukwane da ƙore da tabarma, igiyar tana zamewa. Na durƙusa na karɓi igiyar, ta sakar mini. Na ɗaure kayan tam, yadda ba za su dame ta a hawan dutse ba. Na ce, "Ga shi. Allah ya kiyaye hanya. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba, ban riƙe ki ba."

Ta tsaya a tsakar ɗaki tana kallon kayan. Yayanta ya yi gyaran murya daga waje. Sai na ji muryarta, ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga ciwo.

Ta ce, "Nawa ne?"

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Da ka auna shi. Nawa ka samu?"

Na ce, "Dani biyar da yatsa uku."

Ta ce, "Na manta tsawonsa. Ina rufe ido, ba na gani. Nuna mini."

Na matsa wajen ƙyauren ƙofa zan gwada a jikinsa. Ta ce, "Ba a katako ba. A nan." Ta dafa jikinta.

Na durƙusa a gabanta. Na sa babban yatsa a ƙasa kusa da diddigenta, na fara hawa, ɗaya, biyu, a kan zaninta, ina ƙirgawa a fili wannan karon. Na biyar ya wuce cibiyarta. Na jera yatsu uku a sama, suka tsaya daidai ƙarƙashin ƙirjinta, inda kan yarinyar yake sauka in ta rugo ta rungume ta. Matata ta ɗora tafinta a kan hannuna ta danne shi a wurin. Rabon da jikinta ya taɓa nawa tun kafin bukka. Mun daɗe a haka, ni a durƙushe, ita a tsaye, hawayenta yana sauka a bayan hannuna.

Sannan ta fita wurin yayanta. Suka yi magana da yarensu, gajeriya, ban ji ko kalma ɗaya ba, har yau ban san me ta ce masa ba. Ya dube ni, ya dube ta, ya shanye ruwansa, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya shi kaɗai.

Ba mu sake samun haihuwa ba. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba har ta koma ga Ubangiji, ni ma ban sake tambaya ba. Kayan nan sun kwana uku a ɗaure a lungun ɗaki, ina wucewa ina kallonsu, ban taɓa ba. A rana ta huɗu ta ce, "Maigida, zo ka kwance igiyan nan, ai ka ɗaure shi da ƙarfi, na kasa. Tukunyan miya yana ciki."